Muhawara: Jabun sulalla, kawo mana aka yi ko da hannun na gida?

Kawun Ƙofar Sauri: Salamu alaikum. Jiya a majalisa na ce ƙauyukan ƙasar Katsina ba su san ƙera jabun sule ba, kawo mana aka yi, sai aka yi mini caa. Kalmar kanta shaida ce. Jabu daga Ijebu ne, can ƙasar Yarabawa, inda sana'ar ta yi ƙaurin suna zamanin Turawa.

Malamar Tarihi: Wa alaikumus salam, Kawu. Asalin kalmar ban ja da kai ba. Amma a duba lokacin. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 ta fito da taro da sisi da sule da dala na azurfa. Da azurfa ta yi tsada, a 1920 aka koma gaurayen ƙarfe mai ruwan gaci. Nan ƙofa ta buɗe, don kwaikwayonsa ba wuya: a danna sule na gaske a yumɓu, a narka ƙarfe, a zuba. Mu kuwa maƙeran fari ba baƙinmu ba ne.

Ɗan Mashi: Wato maƙeranmu kike zargi, Malama?

Malamar Tarihi: Allah ya tsare ni. Iyawa daban, aikatawa daban. Cewa nake kada Kawu ya rantse.

Hajiya Babba: Ku bari in sa baki. Kakata fura take sayarwa ran kasuwa, kuma kullum da ɗan dutse a gefen ƙwaryarta. Kowane sule sai ta sake shi a kai. Na kirki ya yi ƙara siririya, na dalma ya faɗi tim kamar ɓawon rogo. In ta yi shakka ta gatsa, haƙori ya zauna. Ta ce da almuru suke zuwa, ido ya gaji, mutum ya sha furar kwabo ya miƙa sule, ya karɓi kwabo goma sha ɗaya na gaske. Wanda ya taɓa cutarta kuwa Katsinanci ne raɗau a bakinsa.

Kawun Ƙofar Sauri: Ai Hajiya, mai kashewa ba shi ne mai ƙerawa ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, me ba ya biyo hanya?

Malamar Tarihi: To ka kawo kanka, Kawu. Gungun ba maƙeri kaɗai ba ne: akwai mai ɗauko kaya, akwai mai shigar da su cikin kuɗin talakawa. Baƙo bai san wace tsohuwa ce idonta ya yi rauni ba, sai ɗan gari. Abin ya ishi Turawa har a 1938 suka sauya sulallan, suka yi musu tsaga a gefe don mai zubi ya kasa.

Kawun Ƙofar Sauri: Rabawa na yarda. Ƙira kam ina nan kan bakana. Hajiya, dutsen yana nan?

Hajiya Babba: Yana nan, Kawu. Kanwa muke fasawa da shi.