Kashi 69 cikin 100, sauran fa?

Lawali: Jama'a ku raba ni da malaminmu. A jarrabawa ya ba mu ayyuka uku da kwamfuta ke maimaitawa, kowanne da wa'adinsa. Na lissafa sun cinye kashi 85 na lokacin injin, na rubuta Rate Monotonic, tsarin da ke ba aikin da ya fi saurin dawowa fifiko, ba zai ɗauke su ba, tunda na san iyakarsa kashi 69 ce. Ya zabge mini maki. Tsarin da ke tsayawa a 69, sauran duk asara, don me ake koyar da shi?

Hadiza: Asara? Lawali, wannan iyakar da masana Liu da Layland suka fitar a 1973 tabbaci take bayarwa: ƙasa da ita ka yi barcinka, sama da ita sai ka bincika aiki ɗaya bayan ɗaya. Kuma 69 na ayyuka masu yawan gaske ne, na uku kusan 78 ne. Ga aiki mai dawowa duk milisakan 10 yana cin 5, ga wani duk 20 yana cin 10. Injin ya cika taf, babu wanda ya makara.

Sani: Kin zaɓo lambobi masu raba juna. Wani tsarin, EDF, mai fara yi wa wa'adi mafi kusa, yana kai 100 ko da wane irin lamba. Asara sunanta asara.

Malam Isa: Ɗana Sani, ranar da kaya suka fi ƙarfin injin, a EDF ba ka san wanda zai faɗi ba. A fifiko tsayayye irin na Rate Monotonic, aikin da ke ƙasa a fifiko ne ke fara shan wuya. Ratar da ka bari tsakaninka da tirela a hanyar Dan Issa asara ce?

Sani: Malam, ku 'yan lantarki tsoro ya yi muku yawa. Ba fifikonku ne ya riƙa sa kwamfutar kumbon Pathfinder tana sake kunna kanta a duniyar Mars a 1997 ba?

Hadiza: Aiki mai ƙaramin fifiko ne ya riƙe makullin bayanan da ayyukan ke tarayya a kai, babba na jira, matsakaici ya shiga tsakani. Da gadon fifiko aka gyara, wato ƙaramin ya ari fifikon babban har ya saki makullin, ba da EDF ba. Kuma wa ke haɗa muku allon da kuke rubutu a kai?

Sani: Ku haɗa, mu ba shi hankali.

Lawali: To makina fa?

Rabi: Wai an sa ranar jarrabawar gyara?

Mai kula da zaure: Na rufe. Abin da aka cimma: babu wata asara, Malam Isa ya gama magana, Sani kuma ya daina raina sashenmu. Lawali, ka je ka ga malaminka.