Neman shawara: fayafayan Baba, wanne ne na asali, wanne ne jabu?

Mai tambaya, daga wani ƙauye a gefen Ringim:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar faifai. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin jirgin ƙasa a Ebute Metta da ke Legas tun kafin a haife ni, ya dawo gida da wata adakar ƙarfe cike da fayafayai. Bayan rasuwarsa bara na buɗe na ƙirga, guda 84. Ƙanana masu gudun 45, wato juyi 45 a minti, sun fi yawa, manya na 33 guda 11, sai 'yan masu nauyi na garmaho masu gudun 78. Akasari kiɗan sol ne na baƙaƙen fatar Amurka: James Brown, Otis Redding, Aretha Franklin, Wilson Pickett, da wasu da ban taɓa jin sunansu ba. Muna yara yakan ba mu labarin zuwan James Brown Legas a 1970, har ya miƙe a tsakar gida ya gwada mana takun, Inna tana cewa, "Malam, girma fa." Shi ya sa abin ya shiga raina, har na fara ƙarawa. Na sayi guda 9 a hannun wani dillali a birni.

Abu biyu ke damuna. Makon jiya wani mutum ya zo har gida da mota, ya jujjuya su, ya ce rabi jabu ne tunda an rubuta a Najeriya aka buga su, amma zai taimaka ya kwashe duka a naira 150,000. Na biyu, cikin waɗanda na saya akwai wanda Baba ma yana da irinsa, waƙa ɗaya, kamfani ɗaya na Ditroit. Na Baba shafal yake, duk ya kakkarce. Nawa ya fi nauyi, yana sheƙi kamar yau aka yi shi, amma rubutun tsakiyarsa dishi-dishi. Wanne ne na gaskiya? Don Allah a taimaka.

Wani matashi daga Dambatta:

Yaya, kar ka sayar. Mai son abinka ya fi ka dabara. Wa ya taɓa ƙona mai daga birni zuwa ƙauye don ya sayi jabu?

Tsohon ma'aikacin gidan rediyo, mazaunin Kazaure:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Na shekara da yawa ina riƙe da ɗakin ajiyar fayafayai, don haka bari in yi maka dalla-dalla.

Mutumin nan ya haɗa maka abu uku ya kira su da suna ɗaya. Akwai bugun farko, wanda kamfanin ya fitar a ƙasarsa lokacin da waƙar ta fito. Akwai bugun izini, wanda wani kamfani ya biya ya buga a wata ƙasa ko bayan wasu shekaru. Sai jabu, wanda ɓarawo ya kwafa a ɓoye. A zamanin mahaifinka kamfanonin faifai EMI da Decca da Philips duk suna da harka a Legas, ana buga waƙoƙin waje a nan gida da izini. Faifan da aka rubuta Najeriya a jikinsa, da sunan kamfani da lambarsa, halastacce ne. Ba bugun farko na Amurka ba ne, gaskiya, amma akwai masu tara faifai da irinsa suke nema musamman, saboda kwalinsa kan bambanta kuma kaɗan ne suka tsira daga zafinmu.

Yanzu ɗauki tagwayen nan naka ka fita hasken rana, ko ka haska tocilan waya a kaikaice. Tsakanin inda layukan waƙa suka ƙare da takardar tsakiya akwai fili mai santsi. Nan ne faifai ke faɗin asalinsa. Za ka ga lambobi da haruffa, wani an dannasu da ƙarfe sun fito tsaf kamar na inji, wani an karta da hannu. Masu yanka uwar faifai da masana'antun bugu suna barin tambarinsu a wurin. Akwai Bell Sound, akwai Nashville Matrix, akwai masu farawa da ZTSC na masana'antar Columbia, akwai MR cikin da'ira tare da alama mai kusurwa uku da lamba, wannan na Monarch ne a Los Anjalas. A da yawa daga na Motown, kamfanin faifai na Ditroit, za ka ga ARP, masana'antar da ke jihar Mishigan wadda ta ƙone a 1972. Mai jabu yana iya ɗaukar hoton takarda ya buga, amma tambarin ƙarfe yana ba shi wuya, sai ya karta lambar da hannu ko ya bar wurin fayau. Sai dai kar ka yanke hukunci da wannan kaɗai, don akwai na asali da yawa masu rubutun hannu. Abin da ake yi shi ne a gwada da wanda aka tabbatar.

Rashin nauyin na Babanku kada ya tsorata ka. Amurkawa sun buga ƙananan fayafayai da yawa da wata roba da ake kira sitairin, ba binil da aka saba yin faifai da ita ba. Ba ta da nauyi, ba ta lanƙwasuwa, tana karyewa, in ka ƙwanƙwasa gefenta da farce sai ka ji ƙas-ƙas. Takardarta liƙawa ake yi da gam, har kana jin bakinta da yatsa, ita kuwa ta binil a matse take cikin jikin faifan. Sau da yawa na asalin shi ne shafal ɗin.

Launi ma shaida ne. Takardar ƙananan fayafayan kamfanin Stax na Memfis shuɗiya ce har zuwa 1968, daga nan ta koma rawaya mai hoton yatsu. In ka ga waƙar 1966 a kan rawaya mai hoton yatsun, bugun baya ne, ko da halastacce ne. In kuma ka ga layukan nan da na'urar kanti ke karantawa a bayan kwali, to ba na shekarun 1960 ba ne, sai wajen ƙarshen shekarun 1970 suka fara bayyana.

Mai gyaran rediyo a kasuwar Hadejia:

Baba na Kazaure ya gama magana, ni ta wajen sana'ata zan ƙara. Malam, ina roƙonka da girman Allah kada ka ɗora ƙananan nan a garmahon wani da allurar ƙarfe. Wannan ta masu gudun 78 ce. Juyi ɗaya za ta huɗe faifan kamar garma, musamman na sitairin, wanda ko allura mai kyau in ta dakushe tana cinye shi. Na taɓa ganin wanda aka yi wa haka, wani farin gari yana bin bayan allurar, waƙar kenan take zubewa.

Wanki kuma ban da fetur, ban da kananzir. Masu nauyin nan na garmaho ko sifirit kada ya taɓa su, narkar da su yake. Nemi tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ka tabbatar ba mai asid ba ne, da ƙyalle mai laushi, ka bi zagayen layin, kada ruwa ya taɓa takarda. Sannan ka fitar da su daga adakar ƙarfe in ɗakin rufin kwano ne. Zafin Afrilu zai mai da su kamar faifan rufe tukunya. A tsaye ake jera su, ba a kwance ba, nesa da ƙasa saboda gara.

Ɗan Bichi mazaunin Manchester:

Yaya, in gaya maka abin da ya jawo jabun nan da yawa, don ina zaune inda abin ya faru. A arewacin Ingila matasa suka haukace da fayafayan sol na Amurka waɗanda ba su yi kasuwa ba a can. Gidajen rawa irin Twisted Wheel na nan Manchester da Wigan Casino, wanda ya yi aiki daga 1973 zuwa 1981, sun riƙa kwana suna sa su. Waƙa ta yi farin jini, kwafinta bai fi a ƙirga da yatsu ba, sai masu jabu suka shigo. Misalin da kowa ya sani shi ne faifan Frank Wilson na 1965, wanda Motown ta fasa fitarwa. An buga jabunsa da sunan wani mawaƙi daban, kamfanin ya fitar da na izini a Ingila a 1979, shi kuwa na asalin an sayar da guda ɗaya a 2009 a kan fam 25,742.

Ma'ana, wanda Baba ya saya a Legas da hannunsa ya fi kwanciyar hankali a kan wanda dillali ya kawo maka jiya. Amma kar lissafin nan ya ɗebe ka. Faifan James Brown ko Aretha da aka buga da yawa ba shi da tsada, balle in ya karce. Kuɗin yana wajen sunayen nan da ka ce ba ka sani ba, na ƙananan kamfanoni. Ka shiga shafin intanet na Discogs ka rubuta lambar da ka gani a filin nan mai santsi, ka duba shafin Popsike ka ga nawa aka taɓa sayarwa.

Wani malami daga Gumel:

Allah ya jiƙan mahaifinku. Tunatarwa ce kawai, ɗan uwa: in ba a raba gado ba, adakar nan ta magada ce duka, har da mahaifiyarku da 'yan uwanka mata. Ko ajiyewa ko sayarwa, a zauna da su tukuna.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na karɓa, ranar Juma'a zan tara su. Baba na Kazaure, na yi yadda ka ce da hantsi a bakin rumbu. Na Babanmu akwai ZTSC da lambobi a danne, takardarsa kuma na ji bakinta da yatsa. A gefe ma ga harafin farko na sunansa da biro, hannunsa ne, sai da na zauna na yi shiru. Nawa lambar a karce take, a karkace, baƙin rubutun takardar ya jeme kamar fotokofi. Na kai wa wani malamin makaranta mai na'ura muka sa su. Na Baba yana ƙaras-ƙaras amma muryar garau. Nawa ba karce ko ɗaya a jikinsa, duk da haka ƙaras-ƙaras ɗin na nan, ganga kuma kamar daga cikin rijiya. Naira 18,000 na biya.

Tsohon ma'aikacin gidan rediyo:

To ɗana, kunnenka ya ba ka amsa. Faifai mai sheƙi da ke ƙarar tsufa, daga jikin wani tsohon faifai aka kwafe shi, ƙarar wancan ce kake ji. Kada ka jefar, rubuta jabu a jikin rigarsa ka ajiye don gwaji. Sauran takwas ɗin ma ka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ka koma wajen dillalin, ka je masa da hujja cikin lalama, mai yiwuwa shi ma haka aka sayar masa. Ka samu littafin makaranta ka rubuta kowane faifai, sunan mawaƙi, kamfani, lambar takarda da lambar filin. Waɗanda ba ka san sunayensu ba ka fara turo mana hotonsu, gaba da baya, cikin hasken safe.