Tumaki a gonar inabi: mu koya ko mu bari?

Malamin Gona: Assalamu alaikum. Maganar da na tayar a majalisa bayan La'asar ce na kawo nan, don waɗanda ba su zo ba. A Faransa da Niyu Zilan, da yawa daga masu noman inabin da ake matsa giya da shi sun rage feshin maganin ciyawa. Idan sanyi ya shigo, itacen ya zubar da ganye, sai su kora tumaki tsakanin layuka su cinye ciyawa su bar musu kashi. Da toho ya fara fitowa sai a fitar da su. Na ce sun fi mu tattalin ƙasa a yau, kuma ya kamata mu koya.

Sarkin Noma: Wa alaikumus salam. Ɗana, me za mu koya? Tun ina yaro mahaifina yake kai wa Fulani damin gero don su kafa mashekari a gonarmu da rani. Inda shanu suka kwana, dawar wurin daban take fitowa. Su ne suka zo inda muke.

Mai Shago: Ni dai ban ga dalilin ɗaukar darasi a wurin masu giya ba. Allah gafarta Malam, a yi mana bayani.

Liman: Giya haramun ce, kuma la'ana ta hau mai matsa ta da mai sayar da ita. Malamai sun hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi da shi. Amma inabi kansa halal ne, Alƙur'ani ya ambace shi cikin ni'imomi, ga mutanen Kudan a jihar Kaduna suna noma na ci. Sakin tumaki a gona kuwa ba ruwansa da kwalba.

Malamin Gona: Baba, ranka ya daɗe, inda muke a da ne. Yanzu fa? A bara gonaki nawa aka kafa mashekari a garin nan? Kara muna kwashewa tas, harawa mu ɗaure mu kai kasuwa, abin da ya rage a cinna masa wuta. Gawon da yake zubar da ganye da damina ya ba amfanin gona taki, mun sare shi mun yi gawayi. Sannan mu zauna muna kukan tsadar buhun takin zamani.

Ardo: Allah ya saka da alheri, Malam. Ko an kira mu, me shanu za su ci a gonar da aka share kamar tsakar gida? Burtalin da za mu bi mu shigo ma an nome shi.

Sarkin Noma: Ardo, kai ma ka faɗi sauran. Bara wake na yana gona ban roro ba aka shigo mini da dare. Ban kama suna ba, amma rabin gonar ya tafi. Shi Baturen yana da waya kewaye da gonarsa, shi yake buɗewa, shi yake rufewa.

Ardo: Wannan laifi ne, ban musa ba. Yara ne ake bar wa sanda.

Ɗalibar Aikin Gona: Baba, a ba ni dama. Kada mu ɗauka komai nasu mai kyau ne. Tun wajen 1885 suke fesa wa inabi haɗin jan ƙarfe da farar ƙasa don maganin cutar ganye. Jan ƙarfen ba ya ruɓewa, taruwa yake yi a ƙasa har ya cutar da tana. Sai da Tarayyar Turai ta ƙayyade shi daga 2019, kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai. Mu da muke feshin tumatir a Kadawa ba awo ba lissafi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Mai Shago: To harawar fa? Da kuɗinta wasu ke yi wa yara ɗinkin Sallah. A ce su bar ta a gona?

Malamin Gona: A sayar da harawa, a bar kara. Sai a sa rana guda da kowa ya gama roron wake, kafin nan ko akuya kada ta shiga.

Sarkin Noma: Ranar ce matsalar. Mai auduga da mai zoɓo suna kai wa har Disamba. Ardo, ka zo gida ranar Juma'a bayan an sauko, mu je wurin Dagaci tare. Gonata ta bakin rafi zan fara bayarwa, amma sai kai da kanka ka tsaya a kan yaran.

Ardo: Zan zo, in Allah ya so.