Wa ya taɓa shiga filin tsere da motarsa ta yau da kullum?

Ɗan Bukoki: Assalamu alaikum ƴan uwa. Yayana da ke aiki a Dakar ya ce in na je hutu zai kai ni filin tseren motoci na Sindia, mu zagaya da Peugeot ɗinsa, wadda yake kai yara lakkol da ita. Ya ce ba gasa ba ce, rana ce ta masu sha'awa, kowa ya biya ya shiga. Zagaye ɗaya kilomita 4.7. Ni kuwa iyakar guduna hanyar Doso. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah ku faɗa mini abin da zan tarar.

Mai Clio: Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi sau uku lokacin da nake karatu a Faransa, na farkon ne ba na mantawa. Hankalina duk yana kan inji, na yi juyen mai, na canza buji, birki kuwa ko kallonsa ban yi ba, tunda a cikin gari yana kamawa sarai. Zagaye huɗu lafiya lau. A na biyar, ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, ina kusan 150, na taka sai na ji ƙafata ta nutse kamar na taka soso. Na ɗaga na sake takawa, na sake, sannan ya ɗan kama. Allah ya sa akwai tsakuwa da ake zubawa bayan kwana don irin wannan, nan motar ta tsaya. Da na fito, warin ƙuna ya cika wurin, ƙarfen birkin gaba ya yi shuɗi-shuɗi, gwiwoyina suna rawa. Laifina ne: shekara huɗu ina da motar ban taɓa canza man birki ba. Wani dattijo da ya zo da tasa motar ya hana ni jan birkin hannu, ya sa aka dangwale tayar da katako. Ya ce in ka ja shi da zafi, faranti zai manne wa ƙarfen. Tun ranar, zagayen ƙarshe a hankali nake yinsa don iska ta huce ƙafafun.

Makanikin Wadata: Abin da ya same ka, Malam, man birki ne ya tafasa. Man nan yana shan raɓa daga iska a hankali. Man birki nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. Da ya tafasa sai kumfa, kumfa kuwa matsuwa take yi, shi ya sa ƙafa ke nutsewa. A garejina, cikin masu kawo mota juyen mai, da wuya ka ji wanda ya ce a duba masa wannan. Ɗana, ka ce wa yayanka a zubar da tsohon gaba ɗaya, ba ƙari za a yi ba, a fitar da iska ƙafa huɗu. Farantan birki in sun ci rabi, a sa sababbi. Sai taya. A gefenta akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayoyin hannu da muke saye nan Yamai wasu ƙwayarsu na nan kamar sabuwa, amma robar ta bushe ta tsattsage. Ita ce ke fashewa a zafin watan Afrilu, balle a fili.

Ni ban taɓa taka filin kwalta ba, amma ina yaro a shekarun 1980 na ga motocin Paris-Dakar sun shigo garin nan. Makanikansu kwana suke yi ƙarƙashin mota da fitila. Tun lokacin aikin ya shiga raina.

Hajiyar Filato: Ni tare da maigidana muka je Nürburgring a Jamus, lokacin muna zaune a Beljiyam. Can duk motar da ke da takardun hawa titi tana shiga, ka sayi tikitin zagaye, kilomita 20.8. Wucewa ta hagu kawai, kuma an hana auna lokaci. Abin da nake so ka riƙe shi ne maganar kuɗi. Kafin mu tafi na karanta takardar inshorarmu, na ga an cire filin tsere ƙarara. Can kuma in ka bugi shingen ƙarfe, kai za ka biya gyaransa, har da motar da ta janye ka. Motar yayanka ta kai yara lakkol ce fa, ku yi wannan magana da yayanka tun kafin ku fita gida, kowa ya san abin da ya ɗauka.

Da na karɓi tuƙi, madubi ya fi ba ni wuya. Mota na bayanka, ka lumshe ido ta iso. Ka riƙe hannun dama, ka sa sigina, ka bar shi ya wuce. Kuma idonka ya riga motar zuwa mafitar kwana, inda ka kalla nan hannu ke kai ka.

Direban Tawa: Ƙarin abu biyu. Iskar taya tana hawa da zafi, tawa daga kilo 2.2 ta kai 2.7 cikin minti 15, sai da na rage. Ku tafi da ma'auni. Sannan ku kwashe komai a cikin motar, har tabarmar ƙafa. Gorar ruwa ta taɓa gangaro mini ƙarƙashin feda. Esansi ma ku cika, yana tafiya kamar an huda tanki.

Mai Clio: Gaskiya ne. Kuma kada ka yi latti wajen bayanin safe. Tuta rawaya: rage gudu, ba wucewa. Ja: an dakatar da zagaye. Shuɗiya: wani na bayanka ya fi ka sauri. In akwai malamin tuƙi, biya shi ya zauna gefenka zagayen farko.

Ɗan Bukoki: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira yaya yanzu, ya fita da tocila ya duba: tayoyin gaba 3718 ne, man birki kuma bai san ranar da aka canza shi ba. Ya ce gobe zai kai ta gareji. Hajiya, maganar inshora ma na faɗa masa, ya yi shiru, ya ce zai nemo takardar. Saura hular kwano: tawa ta babur za ta yi, ko sai na ara a can?