Shafin saye da sayarwa na Hausawan Makka da Jidda: ta ina kuɗi za su shigo?

Ɗan Misfala

Assalamu alaikum. Mu uku ne muke son buɗe shafin intanet inda 'yan kasuwarmu na Makka da Jidda za su riƙa saka kayansu: abaya, jallabiya, turare, dabino, darduma. Mai saye ya duba, ya yi ciniki da mai kaya nan take a cikin shafin, in kaya sun isa ya ba shi maki. Yanzu komai a WhatsApp ake yi, hoton da aka saka da safe kafin azahar saƙonni sun binne shi. Mai rubuta mana manhajar ya ce ba zai fara ba sai mun gaya masa ta ina shafin zai samu kuɗi. Mu dai talla muka sa a rai, tunda da ita Facebook da YouTube suke ci. Masana, hakan zai yi?

Injiniya na Jidda

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ku riƙe wannan mai rubuta manhajar da kyau, ya san aikinsa.

Shafukan da, kamar allon sanarwa suke: ka karanta, ka danna, komai ya goge ya sake lodawa. Abin da ya sauya lamarin shi ne dabarar da burauza ke aika ƙaramar tambaya ga kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wato saba, ta karɓo amsa ta liƙa a wurinta ba tare da an taɓa sauran shafin ba. Gmail a 2004 da Google Maps a 2005 su suka nuna wa duniya ƙarfinta, kuma a 2005 ɗin aka raɗa mata suna AJAX. Daga nan mai ziyara ya koma shi ke zuba hoto da sharhi, kamfani kuma yana sayar wa masu talla idonsa. Har gobe fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin shigar Meta, kamfanin da ke da Facebook, daga talla ne.

To amma talla sana'ar mai taron jama'a ce. Mu ɗauka, don lissafi kawai, duk buɗe shafi sau 1,000 na kawo riyal 5. In an buɗe naku sau 30,000 a wata, riyal 150 ke nan. Alhali irin shafin da kuke so, kowane mutum da ya ƙaru ɗawainiya ce ta ƙaru: wurin ajiye hotuna, saƙon lambar tabbatarwa da ake biya ɗaya-ɗaya, da wanda zai zauna yana cire 'yan damfara. Ga wata matsalar, tallan da Google zai liƙa muku zai iya zama na wani shagon abaya, ya janye mai sayen da kuka wahala kuka kawo.

Hajiya Mai Lissafi

Injiniya ya rufe maganar talla. Saura la'ada da kuɗin wata.

La'ada ita ce ta fi daɗi a baki, domin dillanci sana'a ce da muka gada. Sai dai dillali na cin la'ada ne saboda a gabansa ake sallamawa. A shafi kuwa, da zarar mai saye ya ga lambar wayar mai kaya, sun koma WhatsApp, ciniki ya faɗa, ku ba ku ma sani ba. Ku dubi Haraj, shafin saye da sayarwa na Saudiyya. Kashi 1 cikin 100 suke karɓa, kuma tunda kuɗin ba ta hannunsu suke bi ba, rantsuwa suke sa mai kaya ya yi da Allah cewa zai biya in ya sayar. Wannan na tafiya ne inda masu sayarwa suka yi yawan da ko wasu sun ci amana, saura sun isa. Da 'yan kasuwa 100 ba za ta riƙe ku ba.

In kuka ce to kuɗin su biyo ta hannunku ku cire naku, nan fa a yi hattara, ƙanina. Riƙe kuɗin mutane kafin a miƙa wa mai kaya aiki ne da babban bankin ƙasa, SAMA, ke ba wa lasisi. Ba a tara su a asusun ɗayanku. Ana bi ne ta kamfanonin da ke da izini, irin su Moyasar, HyperPay ko Tap, su karɓi Mada, katin bankunan Saudiyya, su yanki nasu a kowane ciniki. Ku tambaye su a rubuce ko suna raba kuɗi tsakanin mai shafi da mai kaya, da nawa suke cira.

A ganina kuɗin wata ya fi muku. Haka Salla, manhajar buɗe shagon intanet wadda aka kafa a nan Makka a 2016, take yi: matakin farko kyauta, mai son ƙari ya biya. Ku bar kowa ya saka kaya 10 kyauta. Mai son ya wuce haka, ko kayansa su hau sama na kwana 3, ya biya. 'Yan kasuwa 60 a kan riyal 50 sun ba ku riyal 3,000, kuma kun san adadin tun farkon wata. Ku tanadi matakin wata 3 don lokacin Ramadan zuwa Hajji, domin a nan kasuwarmu take ci.

Abin da ya fi damuna shi ne takarda. Dole akwai rajistar kasuwanci. Baƙon da ke zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, ya yi kasuwanci da sunan ɗan ƙasa, shi ne tasattur, hukuncinsa na kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, kuma har mai ba da sunan yake hawa. Don Allah kada a yi wasa da wannan. Harajin VAT kashi 15 ne, rajistarsa na zama dole in cinikin shekara ya wuce riyal 375,000.

Malam Na Riyad

Bari in ƙara da inda irin waɗannan shafuka ke karyewa, ku miƙa wa mai manhajar.

Hira nan take tukuna. Hanya mai sauƙi ita ce wayar kowa ta riƙa tambayar saba duk daƙiƙa 3 ko akwai sabon saƙo. Mutum 500 a kan shafi, tambaya 10,000 ke nan a minti ɗaya, yawancinsu amsarsu babu. Ƙaramar saba sai ta durƙushe a daren da ciniki ya fi zafi. A yi amfani da WebSocket, layi ɗaya a buɗe, saƙo ya zo da kansa. A sa shi ya sake haɗawa in ya katse, domin kusa da Harami lokacin cunkoso layin waya na yawan yankewa, kuma kowane saƙo ya samu lambarsa don kada ya fita sau biyu.

Sai hotuna. Hoton waya kan kai megabayit 4. Ashirin a shafi ɗaya sun zama 80, mai saye a Kano ko Yamai da ke lallaɓa datarsa zai rufe ya tafi. A rage faɗin kowane hoto zuwa fiksel 1,200 tun a wayar mai sakawa, a mai da shi WebP, tsarin hoto marar nauyi, ya dawo wajen kilobayit 150.

Wanda aka fi mantawa kuma shi ne rubutunmu. Mai kaya zai rubuta "ƙaramar darduma", mai nema ya buga "karamar darduma", shafi ya ce babu. A ajiye kowane suna kashi biyu a rumbun bayanai: na nunawa da ƙugiyoyinsa, na bincike kuma a mai da ƙ, ɗ, ɓ su zama k, d, b. Rumbun ya kasance a tsarin UTF-8, in ba haka ba haruffan su koma alamar tambaya. Tunda za a gauraya Larabci da Hausa, kowane akwatin rubutu ya gane alkiblarsa da kansa, don kada farashi da lambar waya su birkice a tsakiyar jimla.

Ɗan Misfala

Allah ya saka da alheri, Hajiya da malamai. Mun karkata ga kuɗin wata. To ta yaya shafin zai san mutum ya biya, ya buɗe masa?

Injiniya na Jidda

Kada ya dogara da dawowar mai biya zuwa shafin "an karɓa". Wani zai biya, caji ya ƙare kafin ya dawo, a ci kuɗinsa ba a buɗe masa ba. Wani kuma zai kwafi adireshin wancan shafin ya shiga bai biya ko sisi ba. Kamfanin karɓar kuɗin yana aiko saƙon tabbaci kai tsaye zuwa sabarku. Da ya iso, saba ta koma ta tambayi kamfanin da lambar cinikin, ta gwada adadin da abin da ake bin mutum, sannan ta buɗe. Saƙon kan zo fiye da sau ɗaya, don haka a adana lambar kowane ciniki, in ta maimaitu a ƙyale ta. Hoton rasit da aka turo ta WhatsApp kuwa kada a karɓe shi a matsayin shaida sai an ga kuɗin a asusu. Kafin ku buɗe wa jama'a, ku gwada da katin gwaji da kamfanin ke bayarwa: biyan da ya yi nasara, wanda banki ya ƙi, da wanda aka rufe burauza ana tsakiyarsa.