Ndamukong Suh: gwani ne ko mugun ɗan wasa?

Bashir: Jama'a ni dai har gobe ina kan bakana, an zalunci Ndamukong Suh, ɗan tsaron jami'ar Nebraska a wasan ƙwallon Amurka (American football), a 2009 da aka hana shi kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, kuma sunan mugu da aka laƙa masa a NFL, babbar gasar ƙwararru ta wasan, ya rufe wa mutane ido ba sa ganin aikinsa. Duk wanda ya kalli wasan ƙarshe na gasar jami'o'i ta Big 12 tsakanin Nebraska da Texas ya san me nake nufi, mutum ɗaya a tsakiyar layin tsaro ya hana Colt McCoy, mai jefa ƙwallon Texas, sakat, ƙarti biyu ake sa masa amma ya ture su ya wuce, sau 4 da rabi aka lissafa masa ya kayar da mai jefa ƙwallon. Da ƙyar Texas suka sha da 13-12, shi ma sai da alƙalai suka mayar da daƙiƙa ɗaya a agogo.

Usman: Malam Bashir ai Alabama ba a ci su ko sau ɗaya ba a shekarar, ɗan wasansu Mark Ingram da ya ci kyautar ya cancanta. Suh na huɗu ya zo, ba ma na biyu ba.

Bashir: To ai shi ne zaluncin! Masu ƙuri'a mai gudu da ƙwallo da mai jefawa kawai suke gani, wanda ke cikin turmutsitsin layi babu mai kula shi. A shekarar fa kamfanin dillancin labarai na AP ya ba shi gwarzon ɗan wasan jami'a, shi ne ɗan tsaro na farko da ya samu, ga kyaututtukan Outland da Lombardi duk ya kwashe.

Hadiza: Yaya Bashir a jami'a na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma maganar mugunta kar ka kare shi don Allah. Ranar Thanksgiving ta 2011 yana Detroit ya danna kan Evan Dietrich-Smith na Green Bay a ƙasa, ya miƙe ya taka masa hannu, an riga an busa usur fa, wasa ya tsaya. Aka kore shi aka dakatar da shi wasa 2. Wannan ba zafin wasa ba ne, rashin tausayi ne. A 2013 tarar dala 100,000 kan yadda ya shiga ƙafar John Sullivan, a 2014 kuma ya taka ƙafar Aaron Rodgers. Sau ɗaya a ce tsautsayi, sau uku fa?

Alhaji Musa Garwa: Ku yi a hankali da ɗanmu, mahaifinsa ɗan Kamaru ne ko da yake shi a Portland aka haife shi. Yaron da ya gama digirinsa a fannin gine-gine, ya ba jami'arsa kyautar dala miliyan 2.6 tun bai fara cin albashin NFL ba, ba za ku ce min ba shi da tarbiyya ba.

Hadiza: Ranka ya daɗe Alhaji, kyautarsa daban, takun da ya yi wa mutum yana kwance daban.

Usman: Ni abin da ke damuna ma kuɗin ne. Miami ta ba shi kwantiragin dala miliyan 114 a 2015, shekara 3 kacal suka sallame shi, ko wasan playoff (zagayen sili-ɗaya-ƙwale) ɗaya ba su ci da shi ba.

Bashir: Haba Usman, mutum 11 ne a fili, shi zai jefa musu ƙwallon? Duba inda ya je bayan nan, Rams sun kai Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, da shi, Tampa Bay suka ci Kansas City 31-9 a Super Bowl na Fabrairun 2021 yana cikin waɗanda suka hana Mahomes, mai jefa ƙwallon Kansas City, numfashi, Eagles ma suka kai da shi. Ƙungiya 3 daban-daban. Kociyoyi ba sa ɗaukar mutum don ya zo ya jawo musu tara, sun san in yana tsakiya dole a sa masa mutum biyu, na gefensa ya samu hanya.

Hadiza: Ban taɓa cewa bai iya ba. Cewa na yi ya iya kuma yana da mugunta, kai ne kake so a share ɗaya. In ranar zaɓen Hall of Fame, jerin gwarazan da ake karramawa, ta zo su saka shi, amma a nuna bidiyon 2011 ɗin tare da na Texas.

Bashir: A nuna mana, amma na Texas za a fara sakawa.