Wa ya isa a kira shi injiniya?

Bashir Jidda: Jama'a, raina a ɓace yake. Da tsakar dare sabar kamfanin da nake wa aiki, wato kwamfutar da ke ɗauke da ayyukansa na intanet, ta tsaya cak. Yaron da suka ɗauka, albashinsa ma ya fi nawa, yana ta danna cPanel, shafin da ake sarrafa saba da danne-danne, amma ya ƙi buɗewa. Ina kwance a unguwar Hindawiyya na shiga da wayata ta SSH, hanyar shiga saba daga nesa a rubuta mata umarni, umarnin df -h ya nuna min faifai ya cika maƙil, ashe log ne, wato bayanan da saba ke ajiyewa kan ayyukanta, na share, aiki ya dawo. Duk wanda bai iya baƙin allon rubuta umarni ba, ba injiniya ba ne.

Malam Auwal Madina: Sannu da ƙoƙari. Amma injiniya? A ƙasar nan ba a rubuta wa mutum muhandis, wato injiniya, a iƙama (katin zama) sai ya yi rajista da hukumar injiniyoyi ta Saudiyya. Kai me aka rubuta a taka?

Bashir Jidda: Haba Malam, ina ruwan saba da iƙamata?

Hajiya Rabi Riyad: Gaskiya Malam ya faɗa. Mun yi shekaru a jami'a kafin a kira mu da sunan nan. Ba daga haddace ƙananan umarni irin ls da cd ba sai mutum ya ɗaura wa kansa rawani.

Nura Makka: Hajiya, sau nawa masu digiri suka bugo min waya cikin dare? Tun 1995 Tatu Ylönen ya rubuta SSH a Finlan saboda ana satar kalmomin sirri a hanya, amma har yau akwai mai takarda da ke barin root, babban asusun saba, a buɗe a ƙofa ta 22, ƙofar SSH, da kalmar sirri, ko mabuɗi bai iya haɗawa ba.

Hajiya Rabi Riyad: Da wa kake, Nura? Fito fili.

Sadik Dammam: Ni ƙofar tawa na mayar da ita 2222.

Nura Makka: Wannan rage hayaniya ne kawai a log, ƙanena, nmap mai binciken ƙofofi zai gano ta. Kashe PasswordAuthentication, wato shiga da kalmar sirri, ka sa fail2ban mai toshe masu yawan gwada shiga.

Sadik Dammam: Mai gyara fayil da nano ne zai koya min tsaro? Koyi vim, manhajar gyara fayil ta ƙwararru, tukuna, yaya.

Malam Auwal Madina: Har yanzu Bashir bai amsa min ba. Kuma share log ba tare da saita logrotate mai rage tsofaffin log ba, faifan zai sake cika.

Bashir Jidda: Ku 'yan Madina da Riyad kullum bakinku ɗaya in ɗan Jidda ya yi magana.

Usman, shugaban zaure: To ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda ranar da cPanel ya faɗi, mai SSH ake nema, kuma Bashir ne ya tashi sabar nan ba takarda ba. Maganar iƙama ba a nan ya kamata a tayar da ita ba, Malam. Sadik, nano ba shi da laifi, shi nake amfani da shi. Na rufe.